Dukiyar Baƙo da Iskar Ɗan Gari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye taskoki a cikinta, ya saki iska tana yawo tsakanin bayinsa ba tare da ya yanka mata farashi ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai wata tambaya da muke so mu ajiye a gabanku, domin ta shafi kowane ɗayanmu, ko yana birni ko yana karkara. Wani mutum ne ya taso daga ƙasa mai nisa, yana da kuɗi da injuna da sanin aiki. Ya ce mana akwai dukiya kwance a ƙarƙashin ƙasarmu, mu ba shi izini ya haƙo ta, zai biya hukuma, zai ɗauki ƴaƴanmu aiki, zai shimfiɗa hanya ya gina asibiti. Amma aikin nasa zai tayar da ƙura, zai sha ruwa mai yawa, kuma zai bar shara wadda za ta daɗe bayan shi ya koma gida. Shin mu karɓa ko mu ƙi? In kuma mun karɓa, wa ke da alhakin wanda ƙurar ta shiga huhunsa?

Wannan tambaya ba ta bukatar mu ƙirƙiro misali, domin ƙasarmu Nijar ta fi shekara 50 tana cikinta.

Abin da Arlit ta bayar da abin da aka bar mata

An fara gano ƙarfen yuraniyom a ƙasarmu a Azelik, cikin yankin Agadas, a shekarar 1957, tun kafin samun mulkin kai. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR tare da Faransawa, ya fara fitar da ƙarfen a Arlit a 1971. Sannan aka kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978 a ramin Akuta, mai zurfin kusan mita 250, kusa da garin Akokan. Wurin da a da makiyaya ne kawai ke ratsawa da raƙumansu ya zama birni mai dubban gidaje.

Adalci ya wajabta mu faɗi alherin da aka samu. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ƙarfen ya yi tsada, shi ne mafi yawan abin da ƙasarmu ke sayarwa waje. Da kuɗinsa aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas har Arlit, aka yi manyan gine-gine a Yamai. Saboda ma'adinan ne aka kafa SONICHAR a Anu Araren, kusa da Cirozerin, mai ƙona kwal yana ba da wutar lantarki. Magidanta da yawa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso sun tafi can sun yi aiki, sun ciyar da iyali, sun aurar da ƴaƴa, wasu sun sauke farali da albashinsu. Wanda ya musanta wannan bai yi gaskiya ba.

To amma ga ɗaya gefen. Dutsen da ake haƙowa, a cikin tan guda ƴan kilo kaɗan ne ke zama yuraniyom. Sai an niƙa shi ya zama gari, an jiƙa shi da asid irin wanda muke kira ruwan batir, kafin a tace abin da ake so. An daɗe ana loda abin da aka tace a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan ya wuce Faransa, ƙasar da mafi yawan lantarkinta daga makamashin nukiliya yake fitowa. Sauran garin dutsen kuwa nan yake zama. Masana sun tabbatar da cewa mafi yawan tururin guba marar ganuwa da ke cikin dutsen yana nan cikin wannan shara, kuma ƙarfinsa yana ɗaukar dubban shekaru bai gushe ba. Daga cikinta wata iska ke fita mai suna radon, ba ta da launi ba ta da wari, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a sahun gaba, bayan taba sigari, cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu.

Ranar 31 ga watan Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aikinsu, ban da ƴan kwangila. Abin da ya rage a bayan gari shi ne tsibin shara mai kimanin tan miliyan 20. Kamfanin ya yi alkawarin rufe shi da yumɓu da duwatsu kauri mita 2. Tun kafin wannan, wata ƙungiya ta mutanen Arlit mai suna Aghirin'man ta gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa a 2003, suka sami tarkacen ƙarfe mai guba ana sayarwa a kasuwa, irin wanda talaka ke saye ya yi amfanin gida da shi. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu wurare a titunan Akokan, ta ce tururin gubar ya ninka abin da aka saba kusan sau 500, kuma a cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba, 4 sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita ga ruwan sha. Kamfanin ya yi jayayya da da yawa daga cikin zarge-zargen da aka yi masa, ya kuma kwashe ƙasar wuraren da aka nuna. Ba mu zauna nan don yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da ba mai jayayya a kansa shi ne ƙarfen ya tafi, sharar tana nan, kuma iskar hunturu ba ta neman izinin kowa kafin ta ɗauki ƙura. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan tashi da hantsi, ɗan gari kuwa nan zai kwana.

Muryoyi biyu, kowace da gaskiyarta

Idan aka tayar da wannan zance a majalisa, mukan ji muryoyi biyu. Ta farko tana cewa: ku masu maganar iska, kun ƙoshi ne. Mu ƙasa ce da fari ke ziyarta, mun ga 1973, mun ga 1984, mun ga 2005. Samarinmu suna ratsa hamada suna mutuwa a hanyar Libiya don neman abin da za su aiko gida. Wanda zai kawo aiki marhabin da shi, ko da hayaƙi ya zo. Ta biyu kuma tana cewa: duk abin da baƙo ya kawo yaudara ce, a kore su, a bar ƙasa yadda Allah ya halicce ta.

Mai murya ta farko yana da hujja. Talauci cuta ne, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana neman tsari daga gare shi. Yaron da ya rasu don babu magani a asibitin garinsu, shi ma rai ne. Addininmu bai yabi zaman banza a kan taska ba, ya umurce mu da raya ƙasa da neman halal. Haka kuma bai hana hulɗa da wanda ba Musulmi ba. Bayan buɗe Haibara a shekara ta 7 bayan hijira, Annabi (S.A.W.) ya bar gonakin dabino a hannun Yahudawan wurin su ci gaba da aikinsu, a raba amfanin gida biyu, domin su suka san aikin. Ƙasa ta Musulmi, ƙwarewa ta wasu, riba a raba: wannan asali ne tabbatacce.

Mai murya ta biyu shi ma bai yi magana a banza ba, domin ya ga abin da ya gani. Kuskurensa shi ne ya ɗauka mafita ita ce rufe ƙofa. Kuskuren na farko kuma shi ne ya ɗauka yunwa ta halatta masa sa hannu a kan kowace takarda. Shari'a ba ta tsaya ga tambayar a karɓa ko a ƙi ba. Tana tambayar bisa wane sharaɗi, da kuma wa zai ɗauki nauyin cutar.

Abin da malamanmu suka shimfiɗa

Ku sani, ya ƴan uwa, maganar hayaƙi da wari ba baƙuwa ba ce a cikin fiƙihu. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya haramta cutar da wani da kuma rama cuta da cuta, malamai suka gina babi mai faɗi a kansa. A birnin Tunis, wajen shekara 700 da suka wuce, an yi wani magini masanin hukunci mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun maƙwabta. Ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, ya tattara a ciki abin da malaman Malikiyya suka ce game da hayaƙin gidan burodi da na gidan wanka, da warin majema. Abin da suka tafi a kai shi ne, wanda ya ƙago abin da ke cutar da maƙwabcinsa da hayaƙi ko wari, ana hana shi ko a tilasta masa gusar da cutar, ko da kuwa a cikin mallakarsa yake aikin. In haka ne hukuncin tanderun mai burodi, wanda hayaƙinsa ake gani kuma yake washewa da yamma, yaya hukuncin ƙurar da ba a ganin gubarta, wadda za ta kai ga jikokin jikoki?

Abu na biyu, akwai abubuwan da ba na mutum ɗaya ba ne balle ya sayar. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a cikin ruwa da makiyaya da wuta. Wani sahabi mai suna Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi (S.A.W.) ya yanka masa wurin gishiri na Ma'arib, ya ba shi. Da aka sanar da Annabi cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda jama'a ke amfana da shi, sai ya karɓe kyautar. A mazhabarmu ta Malikiyya, magana mafi shahara ita ce al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, ya sarrafa su bisa maslahar jama'a. Ke nan shugaba wakili ne a kansu, kamar mai riƙon dukiyar maraya. In ruwa na tarayya ne, iska ta fi cancanta, domin mutum yakan yi kwana bai sha ruwa ba, amma ba ya minti biyar bai shaƙi iska ba. Ruwan da ake jawowa daga ƙarƙashin hamadar Arlit tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da ake samun damina a can, abin da aka ɗiba ba ya komawa a tsawon rayuwar ɗan Adam. Wanda ya sa hannu a kan irin wannan ruwa, ya sani ya taɓa rabon waɗanda ba a haifa ba.

Abu na uku, malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Dukiya tana cikinsu, saboda haka nemanta ba abin kunya ba ne. Amma idan ta yi karo da rai, rai ake gabatarwa. Daga nan ne ƙa'idar nan ta fito, cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani.

Wani zai ce: ai larura tana halatta abin da aka hana, mu kuwa muna cikin larura. Gaskiya ne, amma malaman da suka faɗi wannan su ne suka ce larura ana auna ta gwargwadonta. Wanda yunwa za ta kashe an yarda ya ci mushe gwargwadon abin da zai tsayar da ransa, ba a yarda ya buɗe rumfar sayar da shi ba. Kuma larurar wani ba ta soke haƙƙin wani. In talaucin ƙasa ya tilasta a haƙa rami, bai tilasta a bar sharar a buɗe ba, bai tilasta a ɓoye wa ma'aikaci haɗarin abin da yake taɓawa ba. Waɗannan ba larura ce ta kawo su ba, rowa ce da sakaci.

Waɗanda ba su halarci cinikin ba

Ciniki a Musulunci yana tsayuwa ne a kan yardar juna. To a irin wannan ciniki, wa ya yarda? Jami'an hukuma da wakilan kamfani sun zauna a ɗaki mai sanyi sun sa hannu. Amma akwai waɗanda za su biya wani kaso na kuɗin alhali ba a kira su ba.

Akwai makiyayi, Buzu ko Bafillace ko Batube, wanda aka kewaye masa makiyaya da waya, rijiyarsa ta ja baya. Akwai matar ma'aikaci da ke wanke tufafin mijinta da hannunta, da yaron da ke wasa a cikin turɓaya. Akwai wanda za a haifa bayan shekara 100, ya tarar da tsibin shara ba tare da ya ga ko dala ta kuɗin ba. Akwai kuma halittun da ba su da bakin kai ƙara, waɗanda Suratul An'am ta sanar da mu cewa al'ummomi ne kamarmu. A 2012 ƙasarmu ta keɓe gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, mafakar ƙarshe ta wata barewar hamada da ake kira adaks. A ƙidayar da aka yi a 2016, bayan shigar aikin man fetur yankin da yawaitar farauta, guda 3 kacal aka gani. A 2019 aka sake shata iyakokin gandun saboda aikin man. Mu tuna cewa keɓe wuri don kare shi sunna ce: Annabi (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza.

Allah ya ba mu labarin mutanen Annabi Shu'aibu, waɗanda aka halaka saboda tauye mudu da ma'auni. Muna ganin lissafin da ke ƙidaya abin da ya shiga baitulmali, ya manta da abin da ya shiga huhun mutane, shi ma tauye mudu ne. Riba takan yi yawa a takarda ne saboda an bar wani yana biyan sauran da lafiyarsa.

Sharuɗɗan da muke gani

Bisa waɗannan asalai, muna ganin dukiyar baƙo tana halatta, har ma a neme ta, in an cika sharuɗɗa kamar haka.

Na farko, bayyana aibi. Annabi (S.A.W.) ya taɓa sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Dole a gaya wa mutanen wuri, cikin harshen da suke ji, da Hausa da Tamajak da Tubanci da Barbarci, abin da aikin zai fitar da abin da zai iya jawowa. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998, wadda ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Amma binciken da aka rubuta da Faransanci aka kulle a ofis a Yamai bai isa ga wanda abin ya shafa ba.

Na biyu, wanda ya ci riba shi ke ɗaukar hasara. Wannan ƙa'ida ce ta fiƙihu, kuma kakanninmu sun faɗe ta da nasu harshe: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuɗin gyaran wuri da na jinyar ma'aikata a ware su tun ana cikin cin riba, a ajiye su inda ba za su salwanta ba, domin ranar da rami ya ƙare ba ranar neman mai bashi ba ce.

Na uku, mai awo ya zama amintacce wanda ba ya ci daga hannun wanda yake aunawa. Annabi (S.A.W.) yakan aiki Abdullahi ɗan Rawaha ya kintata dabinon Haibara kafin rabo. Waɗansu daga cikin mutanen wurin suka tara masa kayan adon mata don ya sassauta, ya ƙi, ya gaya musu rashawa haram ce, kuma bai sa wannan ya zalunce su a awon ba. Muna bukatar irinsa a yau: likitoci da injiniyoyi ƴan ƙasa, da na'urorinsu na kansu, waɗanda za su auna iska da ruwa su faɗi abin da suka gani. Jami'in da ya karɓi ambulan ya sa hannu cewa ruwa lafiya lau yake alhali ya san ba haka ba, ya yi shaidar zur, kuma yana da kaso a cikin kowane rai da abin ya taɓa.

Na huɗu, shawara da mutanen wuri, da ba su rabonsu. Ba daidai ba ne garin da ke haskaka biranen wasu ya kwana cikin duhu, alhali har yau mafi yawan gidajen ƙasarmu ba su da lantarki.

Yau da abin ya dawo hannunmu

Ya ƴan uwa, zamani ya juya. A watan Yuni 2024 hukuma ta karɓe izinin haƙar Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a watan Yuni 2025 kuma ta bayyana mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Ga kuma man fetur: matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamba 2011 tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, mai tace ganga 20,000 a rana, da bututun da ya taso daga Agadem ya nufi gaɓar teku a Benin, tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka fara lodin mansa a 2024. Wasu baƙi sun tafi, wasu suna nan, wasu kuma suna tafe.

A nan ne muke jin tsoron wata fitina. Abu ne mai sauƙi mu zargi baƙo, domin zarginsa ba ya ci mana komai. Amma ƙura ba ta san tutar kowa ba. Tsibin sharar da ke cutarwa lokacin da Bafaranshe ke riƙe da shi bai zama tsarkakakke ba don ya koma hannun ɗan ƙasa, kuma hayaƙin da ya tashi daga injin Basine ko na Baturke ko na Balarabe huhu ɗaya yake shiga. In mun ce dukiyar tamu ce, to amanar ma tamu ce, kuma ba sauran wanda za mu nuna da yatsa ranar da za a tambaye mu. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, ba ta ware wata ƙabila ba.

Mu dubi ƙofar gidajenmu ma. Wa ke cinna wa juji wuta da magariba, leda da roba suna ci, hayaƙin yana shiga ɗakin maƙwabci mai fuka? Wa ke ƙona tsohuwar taya don babbake kan rago? Wa ke sayar da gurɓataccen mai, ko ya bar babur ɗinsa na kabu-kabu yana tuƙa baƙin hayaƙi a tsakiyar kasuwa? Masu haƙar zinariya da ke wanke shi da sinadarai masu guba kusa da rijiyoyi, ai ƴaƴanmu ne. Iyayenmu mata kuma suna wuni a kan murhu cikin rufaffen madafi, da goyo a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 7 a duniya kowace shekara. Wanda bai ji tausayin huhun maƙwabcinsa ba, da wane baki zai nemi kamfani ya ji tausayin nasa?

Kada kuma wani ya ce talaka ba ya iya gyara. Bayan taron ƙasa da aka yi a Maraɗi a 1984 kan yaƙi da hamada, da fari na wannan shekara, manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su. Da hannu da gatari aka rayar da kimanin hekta miliyan 5, gawo ya dawo gonaki, yana ba ƙasa taki, yana ba dabbobi abinci, yana tare iska. A nan arziki ya ƙaru, ƙasa kuma ta gyaru, ɗaya bai ci ɗaya ba. Mutanen da suka yi wannan suna da bakin da za su kafa wa kowane baƙo sharaɗi.

Abin da ya rage a kanmu

Annabi (S.A.W.) ya buga mana misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka yi niyyar huda rabonsu don su sami ruwa cikin sauƙi. In na sama suka ƙyale su, duka za su nutse, in suka riƙe hannunsu, duka za su tsira. Iskar da ke kanmu jirgi ɗaya ce, ba mai iya cewa nan rabona ne in yi yadda na so.

Saboda haka muna kira ga limamai da masu wa'azi su shigar da wannan babi cikin karatunsu, kamar yadda suke karantar da hukuncin riba da na tauye mudu. Muna kira ga sarakuna da masu gari, idan aka zo neman fili, su tambayi abin da za a bari kafin su tambayi abin da za a bayar. Muna kira ga iyaye su ƙarfafa ƴaƴansu a kan ilimin likitanci da na ma'adinai da na ruwa, domin farilla ce ta kifaya, in babu mai yinta duka al'umma ta yi laifi. Muna kira ga mahukunta, cikin ladabi da nasiha, su tuna cewa sa hannun minti ɗaya yana iya ɗaure zuriya goma. Kowane ɗayanmu kuma ya fara da jujin ƙofar gidansa.

Ya Allah, ka albarkaci abin da ka ajiye a ƙarƙashin ƙasarmu, ka sa ya zama sanadin wadata, kada ya zama sanadin cuta da husuma. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka shiryi shugabanninmu ga abin da ka yarda da shi, ka ba mu damina mai albarka. Abin da muka faɗa daidai daga gare ka yake, kuskuren kuwa namu ne, muna neman gafararka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.